Darasin Kiwon Lafiya: Aikin Jika A Ɗakin Kaka



Akwai wata magana da muke yawan ji a gidajenmu, tun daga Tudun Wada ta Gusau har Kwatarkwashi da 'Yandoto. In tsoho ya ce kansa na sara, ko idonsa ya yi hazo, ko fitsari ya hana shi barcin dare, sai ka ji an ce, "Ai tsufa na, mi za a yi?" Shi ma tsohon haka zai ce, don kada ya ɗora wa ɗiyansa nauyi. To, furfura da raguwar ƙarfi kam ba su da magani a kemis. Amma da yawa daga cikin abubuwan da muke jingina wa tsufa cututtuka ne masu suna, ana auna su, ana kuma maganinsu. Bari su da ake yi shi ke kwantar da mutum shekara da shekaru, ko ya makantar da shi yana da sauran ƙarfinsa.

Kun riga kun karanta aya ta 23 da ta 24 a Suratul Isra'i, kun ji abin da aka umurce mu game da iyaye in tsufa ya riske su a wurinmu. Malaman tafsiri sun yi muku wannan bayani. Mu a nan ɓangaren aikin za mu ɗauka, wato abin da hannun yaro ɗan aji huɗu ko biyar zai iya yi.

Me ya sa muka ce jika? Saboda ɗa yana jin nauyin ubansa. Magidanci mai shekara 40 ba zai iya tsare mahaifinsa ya ce, "Baba, ka sha ƙwayarka?" sau biyu a rana ba, balle suruka. Jika kuwa akwai wasa tsakaninsa da kaka. Yaron da tsohuwa ke kira mai gidana zai iya cewa, "Amarya, in ba ki sha maganin nan ba yau babu cefane," ta yi dariya ta zage shi, ta kuma sha. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma ƙananan rubutun da ke jikin kwalin magani, wannan kam idon yaro ne ke ganinsa.

Hawan jini

Duk wanda ya taɓa zuwa fadama a bakin gulbi, a Gusau ko Bunguɗu, ya ga injin ban ruwa da tiyonsa. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Tiyo sabo yana da laushi, in ruwa ya taho da ƙarfi sai ya ɗan buɗe. In ya tsufa sai ya ƙandare, ƙarfin ruwan ya riƙa dukan bangonsa. Haka jijiyar mutum take yi da shekaru. In ƙarfin jinin ya yi yawa ya daɗe a haka, ɗaya daga cikin biyu kan faru: jijiya ta fashe, ko ta toshe. In a ƙwaƙwalwa abin ya faru, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ita kanta zuciyar tana gajiya, ƙoda tana lalacewa, ido ma yana taɓuwa.

Abin da ya sa wannan ciwo ya zama mugu shi ne yawanci ba ya ciwo. Mutum zai yi noma, ya je kasuwar Tsafe ya dawo, ya ci tuwonsa, alhali jininsa ya hau shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa wajen mutum 1 cikin 3 na manya a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Saboda haka maganar "ai ni ina jin jikina in ya hau" ba abin dogara ba ce. Awo kaɗai ke nunawa.

Awon yana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 bisa 80 shi ne lafiya lau. In aka auna a rana biyu daban-daban aka sami 140 bisa 90 ko fiye, to hawan jini ne. In ya kai 180 bisa 120, musamman da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko ganin dishi-dishi, ba a kwana da shi a gida. Kafin a auna, tsoho ya zauna ya huta minti 5, kada a auna shi yana haki daga saukowa kan babur, kada kuma ya ci goro ko ya sha taba dab da awon. Ana yin wannan awo a ƙaramin asibitin unguwa, da babban asibitin Tsafe da na Bunguɗu, ba sai an je Gusau ba. Ku nemi ɗan littafi mai arha ku riƙa rubuta kwanan wata da lambobin. Likita ya fi amfana da wannan littafi a kan dogon labari.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. An ba Alhaji magani, ya sha wata ɗaya, aka auna aka ga jini ya sauka, sai gida ya ɗauka an warke, a daina saye. Jinin ya sauka ne don maganin yana aiki. Ranar da aka daina, cikin 'yan kwanaki zai koma inda yake. Ga mafi yawan mutane maganin hawan jini abokin zama ne har ƙarshen rai, kamar tabarau. Wani irinsa yana sa kumburin ƙafa, wani yana sa busasshen tari, wani yawan fitsari. In haka ta faru a koma wa likita ya canza, don iri-iri ne, kada a jefar da shi bayan gado a yi shiru.

Sai gishiri. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato abin da bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke cikin miya da yaji da ƙuli-ƙuli da kilishi. Iyaye mata, ku yi mana haƙuri a nan: ɗunƙulen ɗanɗano da ake marmasawa huɗu biyar a tukunya ɗaya, yawancinsa gishiri ne. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wajen jini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Abin da ya wahalar da zuciyar mace mai shekara 25, ina ga ta tsohuwa mai 70? A rage a hankali a tukunyar gida gaba ɗaya, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. In aka ware wa tsoho tasa miyar salam, ba zai ci ba, kuma zai ji an mai da shi bare.

In abin da ake gudu ya auku, alamominsa uku ne a fili: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta saki, magana ta harɗe. Sau da yawa a nan ake cewa iska ce ta buge shi a makewayi, a rufe ɗaki a yi ta hayaƙi har kwana uku. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya, a yi ta a cikin mota. A kwantar da shi ta gefe, a lura da lokacin da abin ya fara, a nufi babban asibiti, in da hali Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ko asibitin tarayya da kowa ya sani da FMC a Gusau. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, domin maƙogwaron mai wannan ciwo sau da yawa ba ya haɗiya daidai, abin sai ya wuce huhu. Ko da alamomin sun ɓace bayan 'yan mintoci, a je. Gargaɗi ne.

Kwalin magani

Ga aikin da ya fi dacewa da ku. Yawancin kakanninmu ba su karanta boko, amma suna karanta ajami sarai. Ku ɗauki alƙalami ku rubuta a jikin kowace ambulan da ajami manya-manya: ta jini, ɗaya bayan asuba, ta sukari, tare da karin kumallo. Tsoho zai iya mance ƙarfe takwas, ba zai mance magariba ba, saboda haka ku tambayi mai ba da magani a asibiti ya daidaita muku lokutan da salloli. Ranar komawa asibiti ku tattara duk abin da kaka ke sha a leda ɗaya, har da jiƙo da garin magani da na mai talla, a nuna wa likita.

Na mai talla ɗin nan shi ne abin tsoro. Tsoho ba ya rabuwa da ciwon gwiwa da baya, sai a aiki yaro kemis a ce a haɗo na ciwon jiki. A cikin haɗin ana samun irin su diclofenac da ibuprofen. Suna kashe ciwo kam, amma shan su kullum yana hawar da jini, yana ƙwaƙule ciki har ya yi gyambo, yana kuma kashe ƙoda, wadda dama ta tsoho ta riga ta rage ƙarfi. In kun ga bayan gidan kaka ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, jini ne ke zuba a ciki, a tafi asibiti. Wanda gwiwa ta hana shi ruku'u da sujada, ai kun karanta a fiƙihu cewa ya yi sallarsa a zaune. Bai kamata ya haɗiyi ƙwaya huɗu don ya tsaya a sahu ba.

Sukari, azumi da bazara

Ciwon sukari kan zo da yawan fitsari da ƙishirwa da rama da gyambon da ba ya warkewa. Da ɗigon jini daga yatsa ake auna shi, da safe kafin a ci komai, kuma 126 ko fiye a awo biyu shi ke tabbatar da shi. Abu biyu nake so ku riƙe. Na farko ƙafa. Ciwon yana kashe jin ƙafa, har ƙaya ta soki mutum bai sani ba, daga nan gyambo, daga gyambo sai yanke ƙafa. Bayan alwala ku goge wa kaka tsakanin yatsu, ku duba tafin ƙafar, kada ya yi yawo ba takalmi, kada ya gasa ƙafa a kaskon wuta da hunturu. Na biyu, sukari yana faɗuwa kamar yadda yake hawa, musamman in an sha magani ba a ci abinci ba. Alamarsa gumi da rawar jiki da magana ba kan gado. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari ko zuma nan take, sannan abinci. In ya suma kada a sa masa komai a baki, sai asibiti.

Wannan ya kawo mu ga azumi, inda tsofaffi suka fi taurin kai, Allah Ya ba su lada. A shekarar 2024 watan Ramalana ya faɗo a Maris da Afrilu, tsakiyar bazara. A ƙasar Mali zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes ranar 3 ga Afrilu, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da labarin rasuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, wajen rabinsu sun haura shekara 60. Mu ma a nan zafin bazara yana wuce digiri 40. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar naku, yana iya bushewa bai nemi ruwa ba. Saboda haka a miƙa masa, kada a jira ya tambaya. In fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci.

Addini bai matsa ba. A cikin Risala an bayyana cewa tsohon da azumi ya fi ƙarfinsa ya sha, kuma an so ya ciyar da mudu ɗaya, mudun Annabi, a madadin kowace rana. Mai sukari ko ciwon ƙoda ko zuciya ya ga likita tun watan Sha'aban. In an yarda ya yi azumin, za a sauya masa lokutan magani. In kuwa an hana shi, a samu malamin da yake jin maganarsa ya zo har gida ya faɗa masa, don daga bakin likita kaɗai ba zai karɓa ba.

Ido

A binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, an sami mutum 4 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne. Yanar ido ce ta makantar da 43 cikin 100 nasu, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar gaba ɗaya abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Tsohon da jika ke ja da sanda zuwa masallaci, mai yiwuwa aikin da bai kai awa ɗaya ba ne tsakaninsa da karatun Alƙur'aninsa. Ana kashe zafin idon kawai, mutum yana farke, a cire ƙwayar da ta yi fari a sa ta roba, washegari a buɗe.

Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke su tura yanar cikin ido. Ranar farko mutum yakan ga haske, a yi ta murna, a biya. Wancan binciken ya gano cewa cikin idanun da aka yi wa wannan turi, wajen 7 cikin 10 sun tashi makafi, kuma idon da aka lalata haka da wuya likita ya gyara shi. Shi mai tsinken kuwa ya daɗe da barin gari.

Hawan jinin ido daban yake da yana. Shi yana cin gani ta gefe-gefe ba ciwo, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran da maganin ɗigawa ko aiki. Yana bin dangi. In an taɓa samun mai shi a gidanku, duk wanda ya kai 40 ya je a auna masa ido. Kuma kada a ɗiga wa tsoho maganin idon da aka rubuta wa wani.

Raunin gani shi ke jawo faɗuwa, faɗuwa kuwa ga tsoho ba wasa ba ce, don ƙashinsa ya yi gautsi, musamman mata. Yawanci da dare ne ko da asuba, a hanyar makewayi. Ku ajiye tocila a kan gadonsa, ku kankare gansakukar wurin alwala, ku kwashe turmi da igiyar awaki daga hanya. In ya farka ya fara zama bakin gado kaɗan kafin ya miƙe, saboda jiri. Wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a ɗauki hoton ƙugunsa tukuna kafin a kira maɗori. Tsohon da ke yawan tashi fitsari, ko yake fita da ƙyar, a gaya wa mahaifinku ya kai shi a duba. Akwai magani, kunya ce kawai ke sa a ɓoye har ya toshe.

Wata magana kuma da ba a son yi. Tsohuwa takan fara mantuwa, ta kira jika da sunan wanda ya rasu, ta fita da dare, ta faɗi abin da bai faru ba. Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. A wasu wurare irin wannan baiwar Allah ake yi wa ƙazafin maita, yara su bi ta da jifa. Ɗalibin wannan makaranta ba ya cikin masu yin haka, shi ne mai kamo hannunta ya kai ta gida. Amma ku bambanta: ruɗewar da ta zo a hankali cikin shekaru daban, wadda ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu daban. Ta biyun sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa, ko faɗuwar sukari, kuma in an yi magani hankali yana dawowa.

Ku iyaye, mun san kuɗi ne ƙashin bayan duk wannan, mun kuma san halin da hanyoyin ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu suka shiga saboda 'yan bindiga. Akwai tsofaffin da suka baro gidajensu ba kati ba magani. Don haka kada a bari sai ƙwaya ta ƙare kafin a nemi wata, a sayi ta gaba tun da sauran ta mako ɗaya, a ajiye kati da littafin awo a leda ɗaya inda hannu zai kai da sauri. 'Yan'uwa su raba kuɗin wata-wata tsakaninsu kamar adashi, ya fi a taru a haɗa na gadon asibiti bayan jiki ya shanye. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa, saboda haka a tambaya a asibitin unguwa ko ofishin ZAMCHEMA a Gusau ko ana rajista.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya nemi izinin mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya shiga ɗakin kaka. Wanda ba shi da kaka a raye ya je wurin tsoho ko tsohuwar maƙwabta. Ya rubuto, da ajami da boko, magungunan da ake sha da lokacin shan kowanne, da ranar da aka auna jini ta ƙarshe, da abu ɗaya da ya gani a tsakar gida wanda zai iya kayar da tsoho, da abin da ya yi a kai. Kada a rubuta sunan mai ɗakin. A kawo wa malamin aji ranar Asabar.